Malt ɗin Mai Jego

Rufa'i ya sake zagaya ginin, yana duba waya yana duba bango. Taswirar wayar ta nace cewa ya iso, shi kuwa bai ga shago ba. Babban kanti ne a gaba, wurin wanki da guga a gefe, sai wata ƙofa mai baƙin gilashi a lungu, ko allon suna na kirki babu a kanta. Rana ta take, irin ta Dubai a tsakiyar zafi, gumi ya jiƙa takunkumin da ke fuskarsa sharkaf. Amma ya riga ya ƙudura a ransa yau ba zai koma gida hannu rabbana ba.

Abin da ya fito nema bai taka kara ya karya ba. Malt ne, irin na gida, baƙi mai zaƙi, wanda ake tsiyaya wa madarar gwangwani a miƙa wa mai jego. Matarsa Nafisatu ta haihu ta hanyar tiyata, ta zubar da jini da yawa, kuma tun da aka sallamo ta abinci ya gagare ta. Ya sayo na Larabawa, ta kau da kai. Ya tuƙa tuwo da hannunsa, tuwon da shi kansa ya san ya ci amanar shinkafa, ta kai loma ɗaya ta ture. Ruwan nono ya ja baya, jaririyarsu Sa'adiya sai tsala kuka take yi, likita kuma ta faɗa ba wasa a fuskarta: idan suka dawo awo Nafisatu ba ta fara cin abinci ba, gado za a sake ba ta. Mahaifiyarta Hajiya Sabuwa, wadda ya kamata a ce ita ke kula da jegon, tana can Kano da bizarta da akwatinta cike da kanwa da yajin jego, an dakatar da jirage saboda korona. Tsoro ya kama Rufa'i sosai, irin wanda bai taɓa gaya wa kowa ba.

Da safiyar nan ne Nafisatu ta buɗe baki ta nemi wani abu da kanta. "Da zan samu malt da madara, irin wanda Umma ke haɗawa, ina jin zan iya sha."

Hajiya Sabuwa tana kan waya ana ganinta, ta cafe zancen. "Ka nemo mata, Rufa'i, shi ke mayar da jini. Ba garin naku ne ake cewa babu abin da babu ba?"

Ya nemi izini a masana'antar da yake aikin injiniya, ya tuƙa har unguwar Deira. Shagunan 'yan Afirka duk bakinsu ɗaya: ya ƙare, jirgin kaya bai shigo ba. Na manyan kantuna kuwa, masu ƙamshin tuffa da lemo, tun da safe da ya kawo mata ta shinshina ta ce wannan ai turare ne. Yana cikin mota yana huci sai wani Bature abokin aikinsa ya kira kan wata na'ura, Rufa'i ya yi masa ƙorafi. Baturen ya ce malt? Ai a unguwar su Rufa'i ma ta Investments Park akwai shago bayan babban kanti, babu irin malt ɗin duniya da ba su da shi. Rufa'i har addu'a ya yi wa bawan Allahn nan.

Ya tura baƙar ƙofar. Sanyi ya dake shi, da wani ɗan wari mai tsami da bai gane ba. Kwalabe ne jere tun daga ƙasa har rufi, kore da ja da ruwan ƙasa, wasu da hoton tsoho mai gemu, wasu da na akuya, kowane layi da 'yar tutar ƙasar da ya fito. Wani mai wayo da tuni ya juya. Rufa'i kuwa, wanda tun tasowarsa a Yakasai bai taɓa leƙa irin wannan wuri ba, cewa ya yi a ransa lallai Bature bai yi ƙarya ba, wuri ya yi wuri.

Wata 'yar Filifin mai rigar aiki ta taso da fara'a, ta tambaye shi da Turanci abin da yake so.

"Malt," in ji shi.

"Mai shekara nawa? Akwai sha biyu, akwai sha takwas."

Rufa'i ya ɓata rai. "A'a, sabo nake so, wanda bai daɗe ba. Matata ce ta haihu, ita zan kai wa ta sha da madara."

Yarinyar ta dube shi, ta dubi tabon sallar da ke goshinsa, ta sake dubansa. Duk da haka ta je ta ɗauko wata kwalba a cikin kwali mai ruwan zinari ta ɗora a tafinsa. Ruwan ciki kalar shayi ne. Ya karanta rubutun jiki a hankali har ya iso kan kalmar wiski, sai ya ji kamar garwashi ya riƙe.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Ya dire ta a kan kanta, ya goge hannunsa a wando, ya nufi ƙofa.

"Malam Rufa'i?"

Da Hausa aka faɗa. Ya waiga. Wani dogon mutum ne riƙe da amalanken kwalaye, takunkumi ya rufe masa rabin fuska, amma idanun ba baƙi ba ne. Salmanu ne, ɗan zangon Kumasi, wanda suke haɗa sahu da shi ranar Juma'a, wanda ya yi ta ɗawainiya da kulolin abinci ranar sunan Sa'adiya. Kullum aka tambaye shi aiki sai ya ce a sito yake.

Suka tsaya cirko-cirko.

"Ba abin da kake zato ba ne," suka faɗa tare.

Salmanu ya matso, ya rage murya. "Ei, Malam! Ni kwali kawai nake ɗauka, wallahi ko a harshe ban taɓa sa shi ba. Kamfanin da ya kawo ni shi ya jefo ni nan, biza a hannunsu yake. Tsohuwana a gida bai sani ba. Don Allah kada maganar nan ya kai masallaci."

"Ni da zan roƙe ka?" in ji Rufa'i. Ya kwashe labarin ya gaya masa a gurguje, tun daga tiyatar har zuwa mai shekara sha takwas. Salmanu ya danne dariya har kafaɗunsa na rawa, amma da ya ji batun sake kwantar da Nafisatu sai ya nutsu.

"Yalla, biyo ni."

Ya ja shi can ƙurya, bayan layin giyar Jamus da ta Beljiyam, zuwa wani ƙaramin firiji na abubuwan da ba sa bugarwa. Ya durƙusa ya nuna layin ƙasa. Ga su nan, gajerun baƙaƙen kwalabe, da takardar nan da Rufa'i ya sani tun yana yaro, irin wadda ake jerawa a tire ranar biki.

"Mutanenmu masu sha suna haɗa shi da baƙar giya, shi ya sa ake kawowa," in ji Salmanu. "Amma shi kansa malt ne zalla, irin na gida."

Rufa'i ya ɗauki ɗaya ya juya ta, ya karanta gaba ya karanta baya, har da ƙananan rubutun da ba a karantawa. Babu komai. Halal ce tsaf, sai dai ta yi maƙwabtaka da 'yan banza. Ya tsaya da ita a hannu, zuciyarsa tana ce masa ya ajiye ya fita tun kafin wani ya sake shigowa. Shi da ko gidan abincin da ake sayar da giya ba ya zama, yau shi ne zai tsaya a layin masu biya a nan?

Wayarsa ta yi ƙara. Nafisatu ce, muryarta ƙasa-ƙasa, kukan jaririya yana neman danne ta. "Abban Sa'adiya, in ba a samu ba ka dawo kawai. Ka wahala haka nan."

"An samu," ya ce. "Ki sa a buɗe madara, ga ni nan."

Ya ƙara ɗaukar guda ɗaya.

"Ka ɗauki kwali gaba ɗaya mana, Malam," in ji Salmanu. "Ni ba zan iya kawo maka ba, mu ma'aikata ba a bari mu fita da ko kwalba ɗaya."

"Biyu sun isa. Ni da ƙofar nan, halas, har abada."

Ya bi layi a bayan wani ƙato mai gajeren wando da ya cika kwando, ya ja takunkuminsa har kusa da ido. 'Yar Filifin ɗin ta zuba masa kwalaben a baƙar leda mai kauri, irin wadda duk Dubai an san daga inda take fitowa, ta ce tana taya shi murnar haihuwa. Daga ƙofa zuwa mota ba nisa, amma kwalaben nan sai da suka yi ta ƙarau-ƙarau kamar an biya su su tona masa asiri.

A gida ya wuce kicin kai tsaye, ya cusa ledar can ƙasan kwandon shara, ya wanke kwalaben da sabulu kamar masu janaba. Ya juye ɗaya a babban kofi, ya tsiyaya madara har baƙin ya koma ruwan ƙasa, ya kai mata da bismillah.

Nafisatu ta shinshina. Ta kurɓa kaɗan, ta rufe ido, sai ga hawaye. "Shi ne," ta ce. Ta kafa kai ba ta sauke ba sai da ta ga ƙasan kofin. Can ta ce ko akwai sauran burodi, ya haɗa mata na biyun ta dangwala. Rufa'i ya tashi da sauri har yana tuntuɓe da tabarma, daɗi ya cika shi.

Tana cikin ci Hajiya Sabuwa ta kira. Da ta ga 'yarta da burodi a hannu sai ta rangaɗa guɗa daga Kano.

"Rufa'i, Allah ya yi maka albarka! A ina ka samo?"

"Wani ɗan shago ne, Hajiya, a nan bayanmu."

"To Allah ya yi wa shagon nan albarka, ya buɗa musu kasuwa, ya ƙaro musu masu saye!"

Rufa'i ya sunkuyar da kai yana gyara wa Sa'adiya zani.

"Ba ka ce amin ba," in ji Hajiya.

"Allah ya ba mai jego lafiya, Hajiya," ya ce.

Nafisatu ta suɗe yatsa, ta miƙo masa kofin da babu komai a ciki. Rabon da ya ga idonta da haske haka tun kafin haihuwa. "Abban Sa'adiya, gobe ka ƙaro. Da yawa."

Ya dubi kofin, ya dubi 'yarsa da ta kama nono ta yi shiru. Ya ce to. Ya fita baranda, ya lalubo lambar Salmanu, ya rubuta masa: "Ƙarfe nawa kuke buɗewa?"