Sunaye Shida a Kusurwar Allo

Malamin aji huɗu ya faɗo daga babur ya karye a ƙafa, shi ya sa aka kira wata Malama mai neman aiki ta riƙe ajin na mako guda. Hedimasta bai ɓoye mata ba: akwai gurbin malami zango mai zuwa, kuma wanda ya iya da aji huɗu shi zai samu. Shekara biyu tana yawo da takardunta ofis-ofis, don haka ta shiga ajin da ƙarfinta, da fensir dozin guda a jaka.

Dabararta ta makarantar da ta yi koyon aiki ce. Ba tsawa, ba bulala. Duk yaron da ya natsu a rubuta sunansa a kusurwar allo, in an tashi ya karɓi fensir. Don abin ya zama ba-zata, ba ta faɗa wa kowa ba. Ita kuma ba wanda ya faɗa mata cewa a makarantar nan kusurwar allo ta masu laifi ce. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ta fara da wata yarinya a bencin gaba, wadda ake kira Auta, ta naɗe hannu ko tari ba ta yi. Malama ta tambayi sunanta, ta rubuta, ta yi mata murmushi. Auta ta kifa kai a tebur ta fashe da kuka. Malama ta ce a ranta, yarinyar kunya gare ta. Ta ƙara rubuta sunaye biyar.

Yara ba wawaye ba ne. A bayan aji akwai wani da ake kira Rediyo, don ba a taɓa samun makashinsa ba. Shi ya fara gano zancen.

"Kai, masu shiru take rubutawa!" ya raɗa, raɗar da aka ji har baranda. "Kowa ya yi magana!"

Aji ya kaure. Wasu na buga tebur, wasu na waƙa, wani da ya rasa abin faɗa ya kama karanta jadawalin sau bakwai da ƙarfi.

Da aka kaɗa ƙararrawar tara, malamin ladabi ya leƙo kamar kullum, ya kwafi sunayen ya wuce. Malama tana ofishin malamai tana shan ruwa ta hango ta taga: yaranta shida, na kirkin, suna tsintar leda a fili da kwando.

Ta fita da gudu, sai ga Hedimasta tsaye yana washe baki.

"Malama, kin burge ni! Shekara huɗu ba wanda ya taɓa kama yarinyar nan Auta da laifi. Mai ido irinki muke nema. Gurbin nan naki ne."

Ga aiki a tafin hannu, abin da ya rage kawai ta yi shiru. Ta dubi Auta, hawaye ya yi mata layi a kumatu, tana jan kwandon da ya kusa girmanta. Kunya ta kama Malama har wuya.

"Ranka ya daɗe, fensir na yi niyyar ba su. Su kaɗai ne ba su yi surutu ba."

Hedimasta ya cire tabarau. "To masu laifin fa?"

"Duk wanda ba ya kan allon."

"Talatin da huɗu?"

"Da ni, talatin da biyar."

Ta karɓi kwandon daga hannun Auta, ta duƙa ta fara tsinta. Hedimasta ya yi dariya har sai da ya dafa bango.

"Ki dawo zango mai zuwa," ya ce yana share ido. "Ba don kin iya ba. Ajin da kika koya wa cewa shiru laifi ne, wa kike so ya karɓa?"