Ƙullin da Ya Riga Mota Zuwa Dapaong

Wahabu mahauci ne a Sokode, kuma ka zage shi ya fi masa sauƙi da ka raina tsohuwar motarsa. Surukinsa Alhaji Bukari na Dapaong kuwa ba shi da abin zolaya sai ita. Shi ya sa da aka sa bikin ƙanwar Husseina, matar Wahabu, ya rantse wa surukin a waya cewa a motar nan zai kawo Husseina har ƙofar gida.

Sai dai robobin ƙafar baya sun cinye, ko tsakuwa motar ta taka sai ka ji kamar ana daka a cikin but. Ya sa aka kawo masa sababbi daga Lome. Makanike ya ce a jira injin matsi, Wahabu ya ce shi ba ɗan jira ba ne. Ya samo dogon bolti da guntun bututun famfo, ya ɗora motar a kan bulo. Tsofaffin robobin suka ƙi fita, ya sa musu wuta yadda yake babbake ƙafar saniya. Unguwa ta sha wari, amma sun fita.

Sababbin kuma suka ƙi shiga. Wani direba ya ce ya bar su su kwana a firiza, sanyi zai tsuke ƙarfen jikinsu. Wahabu, da hannunsa na mahauci, ya naɗe su tsaf a takardar siminti, ya ɗaure da zare, ya ajiye a firiza a kan nama.

Da safe ya duba, babu su.

"Maman Kamal, ina ƙullin da na sa a firigo?" ya tambayi matarsa.

"Ai na ba motar asuba ta Dapaong," in ji Husseina. "Yaushe ka taɓa ɗaure ƙulli da hannunka in ba naman Baba ba?"

Gaskiyarta, shi ya sa abin ya fi ciwo. Biki gobe, mota a kan bulo, kuma duk Sokode babu irin robobin. Ya zauna a gindin taya kamar ya yi kuka.

Bayan la'asar waya ta yi ƙara. Wahabu ya durƙusa kamar ana ganinsa.

"Barka da yamma, Baba."

"Barka kadai, Wahabu," in ji Alhaji Bukari a natse. "Mun buɗe saƙo a gaban baƙi. Alhamdulillahi, mota ta fara isowa. Sauran nata a wace tasha za mu je mu tara?"