Jar Ƙasar Bangon Ɗakina

Mai Ɗinki ce ta jawo komai. Maƙwabciyata ce, katanga ɗaya ta raba mu, kuma duk labarin da zai shigo layinmu sai ya fara biyawa ta kan kekenta. Ni ma ba na ƙin labari, ba zan ɓoye ba, amma ni nakan ɗan tace nawa. Ita kuwa wata safiya ta ji a rediyo an ce akwai duwatsu da ƙasa masu fitar da wani tururi da ido ba ya gani, wanda ke sa ciwo in ya yi yawa. Kafin yamma ta yanke hukunci ita kaɗai: tudun bayan gari ake nufi. Kuma duk layin nan, ɗakina ne kawai aka gina da jar ƙasa da duwatsun tudun.

Marigayi mijina ne ya gina ɗakin da hannunsa. A ciki na haifi 'ya'ya shida. Da zafi yana da sanyi, da sanyi yana da ɗumi, kuma tagarsa na kallon titi daidai inda nake so. Babban ɗana, mai sayar da kayan gyaran mota, ya fi shekara biyar yana neman hanyar da zai rushe shi ya yi mini na bulo. Har tipa guda ta garin dutse ya sa aka jibge mana a ƙofar gida. Da maganar Mai Ɗinki ta iso shi, sai ga shi ya shigo ko takalmi bai gama cirewa ba.

"Inna, kin ji abin da ake faɗa? Tarin nan da kike yi, ashe bango ne."

Na ce, "Tarina ya girme ka. Fita mini."

"Asabar magini zai zo."

Allah ya taimake ni 'yarsa tana gida. Ita ce jikata ta fari, tana aiki a ɗakin gwaji na jami'a, inda suke auna irin wannan tururin a cikin ƙasa da siminti da duwatsu. Ni Likitar Duwatsu nake kiranta. Ta ce, "Baba, ba a rushe ɗaki da labarin rediyo. A ba ni ƙasar in auna. In lambar ta haura yadda ake so, ka rushe. In ba ta haura ba, ka bar wa Kaka ɗakinta har abada."

Ya ce ya yarda. Na sa ya maimaita a gaban matarsa.

Kai, ranar nan na ga aiki! Ta zo da kurfi da guduma, ta ƙwaƙulo bangon wuri huɗu, ina bin ta ina cewa a hankali, ba na ubanki ba ne. Ta daka a turmi, ta tankaɗe da rariyata, ta shanya garin har ya bushe ƙarau. Ta auna rabin kilo cif, ta zuba a wata farar roba mai murfi, ta naɗe bakin da salatif zagaye uku, ta rubuta kwanan wata.

Na ce, "To, mu tafi a auna."

"Sai bayan sati huɗu, Kaka."

"Sati huɗu? Ƙasar ce za ta nuna?"

Ta yi dariya. Ta ce akwai wata iska da ƙasa ke saki a hankali, sai an toshe ta ta taru a cikin robar har ta daidaita, sannan na'ura za ta faɗi gaskiya. Na ce wato numfashin dutse. Ta ce in kira shi duk abin da na ga dama, amma kada in taɓa murfin. Ta ɗora robar a kan kabad ɗina, don a ɗakina ne kaɗai yara ba sa yin ɓarna, ta koma wurin aikinta.

Sati na farko daɗi na ji. Mata suka riƙa zuwa kallon roba. Matar mai shago ta kara kunnenta wai ko za ta ji motsi. Ni kuma ina ƙara gishiri, ina cewa na'urar da za ta auna ta fi mota tsada, kuma ba kowa ake bari ya gan ta ba sai mu dangi.

Sati na biyu Mai Ɗinki ta zo. Ba ta shigo ba. A bakin ƙofa ta tsaya, ta toshe hanci da hankici.

"Ƙawata, ni tausayinki nake ji. Kin lura ko ƙadangare ba ya hawa bangon nan?"

"Yana hawa naki ne don ya ji gulma."

Na ba ta amsa, amma maganar ta zauna mini. Na fara lura da bangon. Kwana uku ban ga ƙadangare ko ɗaya ba. Na tuna mijina ma ya yi tari kafin ya rasu. Na tuna kazar da ta mutu a gindin bangon shekarun baya. In na kalli robar sai in ga kamar ta ɗan kumbura. Magini kuma ya zo da tef ɗinsa yana auna tsawon ɗakina daga waje, yana fito.

Ranar kwana na goma sha tara, da hantsi, gida ba kowa, dabara ta faɗo mini. Ga garin dutsen ɗana a ƙofar gida, sabo fil, daga kamfani, yana ƙyalli a rana. Na ce a raina, abin da aka saya da takarda ai ba zai yi numfashin banza ba. Na ɗebo, na tankaɗe da rariyar nan dai. Na warware salatif ɗin a hankali, na juye jar ƙasata a gwangwanin madara, na tura ƙarƙashin gado. Na kai garin dutsen shago na ce a auna mini rabin kilo, mai shago yana tambaya ko sabon magani ne, na ce na ƙafa ne. Na zuba a robar, na barbaɗa 'yar jar ƙasa a sama don launi, na naɗe da sabon salatif zagaye uku. Da na ɗora ta kan kabad, har rawa na taka. Na ce yau na fi 'yan boko wayo.

Ranar awo na yi kwalliya kamar za ni biki. Ɗana ya ɗauke mu a mota, robar na kan cinyata. Da muka shiga ɗakin gwajin sanyi ya buge ni har haƙorana suka haɗu. A tsakiyar ɗakin akwai wata ƙatuwar tukunyar dalma, murfinta sai an tura da hannu biyu. A ƙarƙashinta wani tulu ne na ƙarfe, bakinsa na fitar da farin hayaƙi mai sanyi. Shugaban wurin, wani gajeren dattijo mai sanƙo da suke kira Farfesa, ya tarbe mu sanye da rigar sanyi.

"Hajjaju, ke ce mai bangon?"

"Ni ce. Dafa shi za ku yi?"

Ya ce dalmar tana tare tururin waje ne, don na'ura ta ji na robar kaɗai. Jikata ta sa robar ciki, ta rufe, ta danna kwamfuta. Sai ga wasu 'yan ɗige-ɗige suna tsalle a allon, suna hawa kan juna. Na tafa hannu. Na ce, "Ga shi nan! Wallahi yana numfashi!"

Suka ce sai an yi awa goma kafin a gama, amma nan da awa uku za a ga inda aka dosa. Ban ɓata awa ukun nan ba. Na samu masu shara biyu a baranda, kafin azahar na san wanda ke neman wa a benen nan, da dalilin da ya sa matar Farfesa ta daina kawo masa abinci.

Da aka kira mu, ɗigon nan sun zama tsaunuka masu tsini kamar haƙoran zarto. Na shigo ina murmushi. Sai na ga fuskar jikata. Tana kallon allo, tana kallon takarda, tana sake lissafi.

Ɗana ya ce, "Yaya?"

Ta ce a hankali, "Baba, ya haura. Ba da yawa ba, amma ya haura abin da ake so a ɗakin kwana."

Farfesa ya sosa sanƙonsa. "Abin mamaki. Jar ƙasa ba ta saba yin haka ba."

Ɗana ya riga ya ciro waya. "Inna, kin gani da idonki. Ba ni na faɗa ba, na'ura ce. Bari in kira magini."

Jikata ta riƙe hannuna, idonta ya cika da ƙwalla. "Ki yi haƙuri, Kaka. Na so ya fito daidai."

In na yi shiru, ɗakina ya tafi saboda ƙasar da ba tasa ba. In na yi magana, na tona kaina a gaban ɗana da jikata da mai sanƙo, har da masu sharan da ke leƙe ta ƙofa. Wayar na ringi a kunnen ɗana. Na ji magini ya ɗauka.

Na ce, "Kashe wayar nan."

"Inna..."

"Na ce kashe! Ba bangona ba ne a ciki."

Farfesa ya tura murfin dalmar, ya ciro robar, ya yanke salatif, ya juye a faranti. Jar ƙasa ta zubo kamar cokali uku. Sauran duk toka-toka, yana ƙyalli.

Ɗana ya sunkuya, ya murza da yatsa. "Wannan ai garin dutsena ne!"

"Naka ne. Na ƙofar gida."

"Tipa guda na saya!"

Farfesa ya fashe da dariya har ya zauna a kan kujera yana riƙe ciki. Da ya samu numfashi ya ce wa ɗana kada ya tsorata. Ya ce komai na duniya yana fitar da tururin nan kaɗan-kaɗan, har ayaba, har jikin mutum. Irin wannan dutsen dai yakan fi sauran. Ya ce a shimfiɗa shi a tsakar gida ko a hanya, inda iska ke kaɗawa, ba komai. Amma a shafe bangon ɗakin kwana da shi, a rufe taga, shi ba zai ba da shawara ba.

Jikata kuwa ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Kaka, wata guda na jira layi kafin a ba ni na'urar nan. Da ba ki yi magana ba, da na sa hannu a takardar ƙarya da sunana."

Wannan ya fi mini zafi a kan duk dariyar. Na ce, "Na yi laifi, uwar ɗakina. Tsoro ne. Ƙasar gaskiyar tana nan a gwangwani ƙarƙashin gado, ko ƙwaya ban zubar ba."

"Ba na so. Sabuwa zan ƙwaƙulo da hannuna. Kuma a nan za ta zauna, cikin kabad mai makulli."

A mota ɗana ya fara cewa ai yarjejeniya ta warware tunda na yi maguɗi. Na ce, "To, rushe. Da me za ka gina sabon? Da mai numfashin?" Ya kafa wa titi ido, ya ci gaba da tuƙinsa har muka isa gida.

Sati huɗun nan na biyu sun fi na farko tsawo. Ba roba a kan kabad, ba abin nuna wa baƙi, ga sababbin ramuka huɗu a bango. Jikata ta yi kwana goma ba ta kira ni ba. Labarin kuwa ya riga mu isowa layi, ban san ta yaya ba, har yara na tambayata ko akwai sauran maganin ƙafa. Kuma har yanzu ban san abin da bangona zai ce ba. Mai yiwuwa shi ma ya haura.

Ranar sakamako ba a gayyace ni ba. Ina zaune a bakin tagata da yamma sai na hango jikata ta sauko daga mota, tana tafe tana ɗaga takarda sama. Tun daga bakin titi take ihu.

"Kaka! Ko rabi bai kai ba!"

"Rabin me?"

"Rabin ma'aunin! Bangonki ya fi simintin ofishinmu lafiya!"

Ban san lokacin da na fito ba takalmi ba. Na rungume ta, na rungume takardar, na sa ta karanta mini lambar sau uku da ƙarfi, fuskarta na kallon katangar maƙwabta. Ɗana ya fito, ya karɓa, ya karanta daga sama har ƙasa, ya juya bayanta ko akwai ƙari. Sannan ya ciro waya ya kira magini.

"Ka zo Asabar," ya ce. "A'a, ba rushewa. Ramuka takwas za ka toshe a bango. Garin dutsen kuma a baje shi a tsakar gida."

Na matso kusa da wayar na ɗaga murya. "Da jar ƙasa za ka toshe, ka ji? Ta tudu. Kuma ka zo da tsani, kwanon ɗakin yana yoyo ta gabas."