Maraƙin Ciyawa

Ƙarar ta fara ne kamar ana jan turmi a kan tsakuwa. Halilu mahauci ya buɗe ido cikin duhu ya kasa kunne. Ba kukan jaki ba ne, ba kuma na mutum ba. Takan tsaya, ta sake tasowa daga bayan danga, wajen da yake shanya fatu.

"Zara'u, kina ji?"

"Ina ji," in ji matarsa. "Ka yi bisimilla kafin ka fita."

Ya ɗauki tocila ya zagaya. Wata farar saniya ce tsaye a kan fatar maraƙin da ya yanka da safe, wadda ya kafe a ƙasa don ta bushe. Ta yi kuka har muryarta ta ƙare, iska kawai ke fita daga maƙogwaronta. Guntuwar igiya na lilo a wuyanta. Ya haska fuskarta, ya ga gashin idonta fari ne, dogo. Tun yana saurayi yake yanka shanu, bai taɓa lura suna da gashin ido ba.

Da gari ya waye mai ita ya biyo sawu. Zubairu ne, Bafulatanin da ke kiwo a gefen Urafane, wanda ya sayar wa Halilu maraƙin bayan ƙafar maraƙin ta karye a bakin rijiya.

"Tun jiya ta hana nono," in ji Zubairu. "Ba ni fatar nan, Halilu, mu yi mata ɗa."

Suka jiƙa fatar, suka cusa mata ciyawa. Zubairu ya ɗinke cikin da zaren buhu, ya sa mata ƙafafu na icce, ya barbaɗa gishiri a gadon bayan. Abin ya tsaya a karkace, sai aka ba Halilu ya riƙe. Saniyar ta shinshina, ta fara lasa. Harshenta ya bi ta kan yatsunsa, da kaushi, da ɗumi. Can ƙasa nono ya fara sauka cikin ƙwarya.

Zubairu ya yi dariya. "Ka gani? Haka muke yi musu. Ba su da wayo, zuciya gare su."

Ya saɓa maraƙin ciyawa a kafaɗa ya tafi, saniyar na biye da shi ba igiya.

Da rana Halilu ya gasa hanta ya jefa yanka ɗaya a baki. Ya tauna, ya tauna, ta ƙi wucewa. Ba ƙyama ya ji ba, bai ji komai ba. Maƙogwaronsa ne ya rufe kamar ƙofar da aka sa wa sakata. Ya tofar a bayan tukuba, kare ya ɗauke.

Haka damina ta shiga. Yana yanka, yana fiɗa, yana gashi, amma cinsa tuwo da miyar kuka, sai wake, sai ƙuliƙuli. A asibiti likita ya leƙa bakinsa ya ce lafiyarsa lau. Malam Abdussalamu liman ya ce, "Matuƙar ba ka ce haramun ne ba, cikinka naka ne."

Amma a kasuwar Urafane, in mahauci ya yanka wa mai saye ɗanɗano, yakan jefa ɗaya a bakinsa tukuna. Ba wanda ya taɓa kiran wannan doka. Sai da Halilu ya daina, kowa ya gani. Magana ta fara yawo cewa naman da mai shi ba ya ci, akwai abin da ya sani. Wata ta ce dabbar da ta mutu da kanta yake kawowa. Tsirensa ya riƙa kwana, har na maƙwabtansa ya fara kwana.

Ran kasuwa da hantsi, Sarkin Fawa Na Allah ya zo ya tsaya a gaban teburinsa. Mahauta suka bar wutarsu suka matso, masu saye ma haka. Lamine, babban ɗan Halilu, yana tsaye yana kore ƙuda.

"Halilu, ka jawo mana magana," in ji Sarkin Fawa. Ya ɗauki tsoka ɗaya daga kan wuta, ya dangwala yaji ya miƙa masa. "Ci a gaban jama'a, zance ya mutu."

"Sarki, halal ne. Ni na yanka, na ambaci sunan Allah."

"Mun sani. To ci."

"Baba, loma ɗaya ce fa," in ji Lamine a hankali.

Halilu ya karɓa ya sa a baki. Yana taunawa yana kallon wani ƙadangare da ke kan buhun gawayi yana ɗaga kai. Wani daga baya ya ce, "Tsoho, ko mu kawo fura a tura da ita?" Aka yi dariya. Dariyar ta ƙare, yana nan yana taunawa. Daga bisani ya sa tafin hannu ya fito da ita, ya tsaya riƙe da ita, bai san inda zai ajiye ba.

"Ku ku ci," ya ce. "Ni dai ba ya wucewa."

Sarkin Fawa ya daɗe yana dubansa. "Tare muka koyi fiɗa da kai a gidan ubanka. Ba korarka nake yi ba. Amma teburin nan sai mai ci."

Halilu ya goge wuƙarsa a jikin riga, ya juya ƙotar ya miƙa wa Lamine. Lamine ya karɓa, ya yanki tsoka ya haɗiye da sauri, bai dubi uban ba. Mutane suka fara miƙo hannu.

Ya koma gida da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba ran kasuwa. Zara'u ta dube shi, ta dubi ƙugunsa inda wuƙar take zama, ta ɗora masa wake.

Bayan la'asar Lamine ya shigo yana jaye da farar saniyar. Ta rame, ƙasusuwan bayanta sun fito.

"Zubairu ya kawo ta kasuwa, Baba," ya ce. "Wai ta yi ta lasar fatar har ɗinkin ya ɓalle, ta cinye ciyawar da ke ciki. Tun ranar nono ya ƙafe. Na ga da sauƙi, na saya don kasuwa mai zuwa." Ya sosa ƙeya. "Ni dai da awaki na saba. Ban taɓa kayar da saniya ni kaɗai ba."

Ya ɗaure ta a gindin bishiyar bedi ya shiga wanka. Halilu ya zauna a kan turmi da kwanon waken a cinyarsa. Saniyar ta miƙo wuya ta shinshina hannunsa, ta fara lasa. Ya bar mata hannun.

Asma'u maƙwabciyarsu ta leƙo ta kan danga, ta zo aron rariya. Ta dubi saniyar, ta dubi Halilu.

"Ikon Allah, ba ita ce ta rannan ba? To Malam Halilu, ran kasuwa wa zai sa mata wuƙa, kai ko Lamine?"

Zara'u ta ci gaba da tankaɗe. A bayan ɗaki ƙarar ruwan wanka ta tsaya.