Murjanin Rana a Gaɓarmu

Kawu Aristides ne ya fara ganinsu. Shi yake kai baƙi yawon buɗe ido a jirgin ruwansa a tsibirinmu, kudu da birnin Rio, kuma ya cika gari da labarin wasu furanni ruwan lemo da suka fito a jikin dutse a ƙarƙashin ruwa. Ya ce Allah ne ya ƙawata masa wurin sana'a.

Nilza, 'yar ƙanwarsa, tana karatun halittun teku a jami'a, ta zo hutu. Da ta ji kwatancen sai ta yi zargin ba furanni ba ne. Da safe ta sa madubin ninkaya ta nutse. A inuwar dutsen ta same su. Ta taɓa ɗaya, naman ya noƙe, yatsanta ya ci karo da abu mai tauri. Murjanin gida da ke gefe kuwa, wato halittar teku mai jikin dutse, ya mutu ya yi fari fat, daidai inda suka haɗu.

Ta ɓamɓaro guda da kurfi, ƙarfen sassaƙa, ta jiƙa a ruwan famfo har naman ya zube. Ƙananan kofuna na dutse suka bayyana. Ta tura wa malamarta hoto, amsa ta dawo cewa shi ne: murjanin rana, baƙon da ke maƙalewa a gindin manyan jirage, ya kashe na gida.

Kawu ya ƙi yarda. "Ke da na koya wa iyo, yau ke ce za ki ce in kashe furannina?"

"Kawu, zo ka gani da idonka."

Ya nutse, ya daɗe yana kallon farin tabon nan. Da ya fito sai ya tambayi inda ake samun kurfi.

Da izinin hukuma ya zo, masunta suka fito aikin ɓamɓara ƙwansu da kwarkwatarsu. Nilza ta gargaɗe su kada ɓarɓashi ya faɗi, domin kowane guntu tsirowa yake yi. Kafin damina dutsen ya koma fes, ta sake zagayawa ba ta ga ko ɗaya ba.

Ranar aka dafa kifi da garin rogo a bakin gaɓa. Ana cikin ci sai ga mutanen ƙauyen tsallake sun zo neman Nilza ta duba musu nasu duwatsun. Kawu ya miƙe yana suɗe hannu.

"Ku bi layi. Likitar tamu ce, kuma ni ne direbanta."