Matar da Ke Jikin Allon Famfo

A shekarun da ma'aikatan Abuja suka fara cika gidajen haya na Suleja, unguwar su Maryamu da ke gefen Maje ba ta da ruwan sha sai na wani rafi a bayan gonakin doya. Da damina ruwan ja wur, da rani kuma sai an tona yashi an zauna jiran ya tsattsafo. Shanu su sha, mutane su sha. Kurkunu kuwa ya mai da unguwar gidan ubansa, duk shekara sai ya kwantar da magidanta daidai lokacin da gona ke nemansu. Maryamu ta rasa jikoki biyu a hannun gudawa, don haka ba ta bukatar kowa ya yi mata wa'azi a kan ruwa.

Tsohuwa ce 'yar Gbagyi, Gwari in ji bakin kasuwa, doguwa, mai tsadar magana, duk unguwar Mama ake ce mata. Tun tana yarinya ba ta taɓa ɗora kaya a ka ba, haka ma uwarta da kakarta. Itace ne, doya ce, tulu ne, duk a kafaɗa. Kai, in ji iyayensu, shi ke ɗauke da tunanin mutum, kuma mai wannan aiki ba a ƙara masa wani. Matan Hausawa 'yan haya sukan tsokane ta wai ta bar gammo yana zaman banza, ita kuma ta ce su ci gaba da danne ƙwaƙwalwa, za su ga sakamako. A yi dariya, kowacce ta kama hanyarta.

Wata rana mai unguwa ya tara jama'a ya ce wata ƙungiyar agaji tana son haƙa musu rijiyar burtsatse, amma sai an ɗauki hoto an aika wa masu ba da tallafin a ƙasar waje. Aka ce babu wadda ta dace da hoton sai Mama.

Ranar da baƙin za su zo, Maryamu ta yi wanka, ta fito da atamfar da ba ta ɗaura ta sai Kirsimeti. Ai hoto ba wasa ba ne. Jami'ar ƙungiyar, Philomena, 'yar Filato ce mai ladabi, har ƙasa ta durƙusa ta gaishe ta. Sai da ta gama yaba atamfar sannan ta roƙa, murya ƙasa-ƙasa, ko Mama za ta canza zuwa zanen da take zuwa gona da shi. Maryamu ta ɗan ji ciwo, amma ta gane. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta shiga ɗaki ta fito da tsohon zanen.

Aka ɗunguma zuwa rafi, mata da yara a baya. Maryamu ta cika tulunta, ta ɗaga shi zuwa kafaɗa kamar ba komai a ciki, ta tsaya cak. Mai hoton, wani saurayi da ake kira Sebastine, ya leƙa kyamara ya sauke. Ya ja Philomena gefe suka yi ƙus-ƙus da Turanci. Da ta dawo ba ta iya haɗa ido da tsohuwar ba.

"Mama, ki yi haƙuri. A ka za ki ɗora."

Mai unguwa ya shiga duban takalminsa kamar yau ya saya. Tayyiba, matar wani direba da ke haya kusa da gidan Maryamu, ta yi wuf ta ce a ba ta tulun, ita ai ɗaukar kaya a ka gadonta ne. Sebastine ya dube ta, ya dubi kumatunta da 'yan kunnenta, ya girgiza kai. Fuskar tsohuwar ake so.

Philomena dai, a yi mata adalci, ba ta yi ƙarya ba. Ta ce masu ba da tallafin ba su taɓa jin sunan Maje ba. Hotuna ake zube musu tuli, ƙauyuka da yawa, rijiyoyi kaɗan, kuma abin da idonsu ya saba gani shi ne mace da ruwa a ka. Ta ce ta taɓa aika hoton wata mai tulu a kafaɗa, amsar da ta dawo ita ce tambaya, wai ko rawar gargajiya ake yi. Wancan ƙauyen har yau daga kududdufi suke sha.

"In na ɗora, ruwan zai zo?" in ji Maryamu.

"Ban yi miki alkawari ba, Mama. Amma in ba ki ɗora ba, ina tsoron ba zai zo ba."

Ran Maryamu ya ɓaci, ɓacin da rabonta da irinsa tun rasuwar mijinta. Wato mutum zai ba ka ruwa daga nesa, amma sai ya fara zaɓa maka yadda za ka tsaya ka roƙa. Ta sauke tulun, ta daɗe tana kallon abin da ke cikinsa, ruwa mai kalar kunun tsamiya da 'yan ƙwari suna iyo. Shi yaran da ke tsaye a bayanta za su sha da yamma. Ta miƙa wa Tayyiba hannu ta ce ta ara mata gammo.

Wuyan da bai saba ba, ina zai iya? Tulun ya yi tangal-tangal, ruwan taɓo ya kwararo mata a fuska har cikin ido. Sebastine ya ce yawwa, haka ma ya fi, kada ta share. Ya kuma ce kada ta yi murmushi, kamar dai tana da niyyar yi. Matan Gbagyi da ke wurin duk suka juya baya har aka gama. Da aka koma gida babu wadda ta tayar da zancen, a ranar ko bayanta.

Damina ta wuce, rani ya shigo, sai ga motar haƙa rijiya. Ruwa ya fito fari tas, mai sanyi. Kuma gaskiya ɗaya ce, ruwan ya yi rana: kurkunu ya ja da baya, yara suka daina kwanciya, mata suka huta da tonon yashi. Maryamu ta ji daɗin haka har zuciyarta.

Abin da ba a gaya mata ba shi ne allo. Ranar buɗe famfon aka yaye ƙyallen da ya rufe shi, sai ga sunan ƙungiyar da manyan baƙaƙe, a ƙasa kuma hoton wata tsohuwa cikin yagaggen zane, tulu a ka, taɓo a fuska. Philomena ta zo tana ba da haƙuri, ta ce ƙa'idar masu tallafin ce, ita ma ba ta da iko. Maryamu ta ce ba komai, ta kuma sa mata albarka. Daga ranar takan zo ɗibar ruwa kamar kowa, sai dai kullum bayanta take ba allon.

Bayan shekara biyu aka kawo wa Luka, ɗan maƙwabcinta, amarya 'yar Gbagyi daga Garam, yarinya mai surutu da ake kira Priscilla. Fitowarta ta farko zuwa famfo, tana cikin layi, idonta ya faɗa kan allon, wanda rana ta riga ta koɗe shi. Ta yi tsaki. Ta ce fuskar nan kamar ta mutanensu, amma wace marar gata ce za ta yarda a ɗauke ta da kaya a ka? Ko ba ta da dangi ne?

Matan suka amsa kusan baki ɗaya. Wannan ta ce ba 'yar nan ba ce, waccan ta ce da allon aka zo da ita daga wani gari. Har Tayyiba ta sa baki ta ce ita duk zamanta a unguwar ba ta taɓa ganinta ba. Maryamu ta ji yadda suka rufa mata asiri, ta gode musu a zuci, abin kuma ya yi mata zafi fiye da tsakin yarinyar.

Amarya ba ta gamsu ba. Ta juya wurin babbar da ke wurin.

"Mama, ke kin san ta?"

A karon farko Maryamu ta juya ta fuskanci allon. Ta daɗe tana kallon tsohuwar, tsohuwar tana kallonta.

"Ban san ta ba, 'yata," ta ce. "Matso da bokitinki, layi ya zo kanki."