Waƙar da Ta Kashe Ƙarangiya

Ƙungiyar Ƙarangiya wata bakwai ta yi a duniya. Har yau mutanen Sabon Birni malamai suke zargi da rusa ta, amma Labbo ya san shi ya kashe abarsa.

Su uku ne: Labbo da jitar lantarkin da ya sayo a Maraɗi, Is'haƙa a kan ganguna, sai Jibrilla mai amshi da lallashin janareta. Su dai sun ce kiɗan rok suke yi, tsofaffi kuwa suka ce injin niƙa ne ya sami baki. Zambo ne abincinsu. Sun taɓa ɗan siyasar da ya buɗe rijiya ɗaya sau uku, sun taɓa mai awon da ya lotsa gindin mudu. Ba sa kama suna, mai kaza a aljihu shi ke tsarguwa.

Da kaka waƙa ta ƙafe wa Labbo, sai ya tuna wani abu. A bazara Malam Abdulgani, mahaifin Is'haƙa, ya zo wurin mahaifin Labbo a asirce neman irin gero, don yunwa ta sa gidansa sun cinye nasu. Ga manomi babu abin kunya kamar cin iri. Labbo ya ce ai ba suna, ya tsara "Mai Cin Iri". Don amshi ya zauna, ya ƙara da jaki mai guntun kunne, alhali jakin nan ɗaya ne tak a ƙauyensu Unguwar Lalle, na Malam Abdulgani ne kuwa.

Is'haƙa a gari yake zaune, bai san tsohon ya canza jaki ba. Ya yi ta kaɗawa yana dariya, 'yan kabu-kabu suka kai waƙar har garin Isa a wayoyinsu. Malam Abdulgani ya daina zuwa kasuwa.

Ranar da Is'haƙa ya gane, bai yi faɗa ba. "Wata biyu ina kaɗa ma ubana, kai kana kallona," ya ce, ya kwashe gangunansa.

Labbo ya yi mako yana jin kunyar kansa kafin ya je wurin Malam Abdulgani neman gafara. Tsohon ya shimfiɗa masa tabarma, ya sa aka dama fura, ya ce ya yafe tun tuni. Abu ɗaya kawai ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

"Shi Is'haƙa, sad da shika kaɗawa, ya san ni na?"

"Bai sani ba, Baba."

"To, alhamdu lillahi. Sauran ba komi."

Labbo ya ajiye furar bai sha ba.